Ki Ari Hanci Kafin Naki Ya Dawo

'Yata,

Labarinki ya iso mini ta bakin gwaggonki. Na san ba aiko ta kika yi ba, hira kuka yi ta ɗauko ta kawo, amma kada ki ga laifinta. Ta ce tun murar nan da ta kayar da ke a tsakiyar hunturu hancinki ya ɗauke ɗif, ba ƙamshi ba wari, ko turaren wuta kika zuba a kasko sai dai ki ga hayaƙi yana tashi. Ta ce kuma kin hana a gaya wa kowa, wai kunya kike ji ki kai kuka a kan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali ga mutane can kwance a asibiti rai a hannun Allah. Wannan lissafin naki ne ban yarda da shi ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san baffanki bai iya gajarta zance ba, sai ki yi haƙuri ki karanta a tsanake.

Tun da ke kin raina abin, bari in fara da waɗanda ba su raina shi ba. Malaman fiƙihu, da suka zo babin diyya, sun bi gaɓoɓin ɗan Adam ɗaya bayan ɗaya suna auna amfanin da Allah Ya sa a cikinsu. Hukuncin da suka tsayar shi ne, in wani ya bugi wani har jin ƙamshi da wari ya tafi gaba ɗaya, cikakkiyar diyya za a biya, daidai da ta wanda aka makantar ko aka kurmantar, wato raƙuma 100 a lissafin asali. Har yadda alƙali zai gwada mai da'awar sun faɗa: a kusanto masa da abu mai tsananin wari, a ga ko zai yamutsa fuska. Mutanen da suka rayu ɗaruruwan shekaru kafin a san ƙwayar cuta sun sa hanci a sahu ɗaya da ido da kunne, ke kuwa kina cewa ba komai ba ne. Ki tuna kuma karatunki na Islamiyya: da abu uku ake gane ruwan alwala ya jirkita, launi da ɗanɗano da ƙamshi. Ki tuna Annabi Yaƙuba, alaihis salamu, a Surar Yusuf. Baƙin ciki ya tafi da ganinsa, amma ayari na barin Masar da rigar ɗansa, ya shaida wa na kusa da shi cewa yana jin ƙamshin Yusufu, su kuwa suka ɗauka ruɗin tsufa ne. Ido ya gaza, hanci ya riga mai bushara isowa.

To, me ya same ki? Ni ba likitan mutane ba ne, kin sani, dabbobi na yi wa aiki har na ajiye, amma hancin tunkiya da naki gini ɗaya ne. A can saman kogon hanci, daidai tsakanin idanu, akwai wani ɗan fili inda miliyoyin ƙwayoyin jijiya suke zaune. Duk abin da ke da ƙamshi ko wari yana sakin 'yan ƙananan ɓurɓushi a iska, numfashi ya kai su wannan filin, jijiyoyin su kama, su aika da saƙo ƙwaƙwalwa ta cikin wani siririn ƙashi mai ƙananan huji. A 1991 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Kolumbiya ta Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano asalin na'urorin da ke kama ɓurɓushin nan, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 2004. Mutum yana da irinsu wajen 400, kuma kowane ƙamshi yana taɓa wasu ya bar wasu. Daga wannan cuɗanyar ne ƙwaƙwalwa ke rarrabe ƙaurin tuwo da ƙarnin kifi, ta raba humra da jibda.

Hanya biyu mura ke kashe wannan aiki. Ta farko kowa ya san ta: hanci ya toshe, iska ba ta isa sama, majina na wucewa komai ya dawo. Ta biyu ita ce nake zaton taki, tun da an ce numfashinki sarai yake: ƙwayar cutar ta taɓa filin kansa. Da can ma ana samun haka bayan mura mai zafi, kuma an lura ya fi samun mata, sai dai ba a cika maganarsa ba. Korona ce ta tona asirin. Ta shigo Nijeriya a ƙarshen Fabrairun 2020, kuma a cikin watannin nan duniya ta cika da mutanen da suka wayi gari ba sa jin ƙamshin sabulun da ke hannunsu. Da aka bincika, sai aka tarar cutar ta fi kama ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyin suna yi musu hidima, su jijiyoyin kuma kumburi ne ke jikkata su. Shi ya sa mafi yawan mutane suka warke cikin makonni, wasu kuma abin ya ja su watanni. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne, jijiyoyin hanci suna cikin 'yan ƙalilan a jikin mutum da ke mutuwa wasu su tsiro a madadinsu har tsufa. Allah Ya bar musu wannan ƙofar a buɗe.

Yanzu mu shiga kicin, don na san nan abin ya fi ci miki rai. Gwaggonki ta ce maigidan ya fara tambaya ko gishiri ya yi araha a unguwarku. Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba, kuma sun yi gaskiya, gishiri na harshe ne. Abin da ba su ƙarasa faɗa ba shi ne, harshen ma abu biyar kacal ya sani: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, sai wannan garɗin na romon nama da daddawa, wanda wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano tushensa a 1908. Duk sauran daɗin miya, ƙamshin man shanu a kan tuwo, abin da ya raba kuka da kuɓewa, abin da ya sa kilishi ya zama kilishi, ta bayan maƙogwaro yake hawa ya isa hanci yayin da kike tauna. Da hanci ya tafi, sai abinci ya zama lami. Mai girki kuwa in ta ɗanɗana ta ji lami, hannunta gishiri zai nufa, sai dunƙule, sai sukari a shayi. Nan haɗarin yake, don gidanku ba baƙon hawan jini ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin dunƙule da burodi. Saboda haka ki daina auna gishiri da harshenki. Ki auna da cokali, gwargwadon yadda kika saba tun kina lafiya, sannan ki kira babbar 'yarki ta ɗanɗana. Ba faɗuwar girma ba ne, ita ma ta nan za ta koyi girki.

Ke kuma da bakinki, akwai abin da ya rage miki. Zafin barkono da citta da masoro, da sanyin na'a-na'a, wata jijiya ce dabam ke ɗaukarsu, kuma ita lafiyarta ƙalau. Tsami ma yana nan: tsamiya, yakuwa, lemun tsami, nono. Ki nemi abin da haƙori zai ji, ƙuli-ƙuli a kan kwaɗo, soyayyar gyaɗa, ƙanzon shinkafa. Ki ci abinci a kan lokaci ko ba kya sha'awa, don yunwar mai wannan larura ba ta yin sallama. Na ga dabba ta rame a kan haka. Kyanwa in mura ta toshe mata hanci, ko kifi ka ajiye mata sai ta kau da kai, har ta galabaita, ba don cikinta ya ƙoshi ba. Maganin da muke yi shi ne mu share mata hanci, mu ɗumama abincin don ƙamshinsa ya tashi.

Maganar abinci mai sauƙi ce a kan wadda zan faɗa yanzu, kuma ita ce ta hana ni barci. Kina girki da gas. Shi gas ɗin nan asalinsa ba shi da wari ko kaɗan, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don in ya tsiyaya a ji. Da rayuka aka sayi wannan dabarar. A watan Maris na 1937, a wani gari da ake kira New London a jihar Texas ta Amurka, gas ya taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta ba wanda ya sani, ya fashe ana dab da tashi, mutum kusan 300 suka mutu, yawancinsu yara. Bayan nan ne aka kafa dokar sa wa gas wari. Wannan gargaɗin da aka tanadar wa kowa, ke yanzu ba ya isowa gare ki. Don haka tukunyar gas ta koma waje ko inda iska ke kaɗawa. Ki riƙa kashe ta daga kan tukunyar, ba daga murhu kaɗai ba. Lokaci-lokaci a shafa ruwan kumfar sabulu a jikin robar da mahaɗarta, in ya yi ƙwai-ƙwai to akwai yoyo. Gas irin na tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, inda yaro mai rarrafe yake. In wani ya ce yana jin warin gas, kada ki yi musu, kada ki taɓa makunnin lantarki, a buɗe ƙofa da taga a fita. Akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a bango mai ƙara in ta ji gas, akwai kuma ta hayaƙi. Ki sa maigidan ya nemo, kuɗinsu bai kai na atamfa mai kyau ba.

Kada kuma ki ɗora tukunya ki tafi ɗaki da nufin ƙauri zai kira ki, ba zai kira ki ba, ki sa ƙararrawar waya. Miyar da ta kwana, naman da ya yini a firji an ɗauke wuta, kunun yaro, madarar da aka buɗe, duk kada ki yanke musu hukunci ke kaɗai. Ki ba wani ya sansana, in ba kowa kuma kina shakka, ki zubar. Asarar kwano ɗaya ta fi kwana a asibiti da yara sauƙi. Haka ruwan randa ko na tanki in kin yi kokwanto. Ƙunzugun jariri kuwa da ido za ki riƙa dubawa a kai a kai, kafin ya ci masa fata. Wani abu ɗaya da ya shafi kowa, mai hanci da marar hanci: gubar da ke cikin hayaƙin janareta da ta gawayi ba ta da wari sam. Iyalai nawa aka wayi gari an tarar a kwance saboda an shigo da janareta cikin gida, ko an rufe ɗaki da kaskon wuta lokacin sanyi. A wannan kam duk ɗaya muke da ke.

Akwai abin da ke damun masu wannan larura da ba sa iya faɗa, bari in faɗa miki don kada ki ɗauka ke kaɗai ce: tsoron kada jikinsu ko bakinsu ko ɗakinsu ya yi wari ba su sani ba. Wasu sai su daina shiga mutane, wasu kuma su yi ta zuba turare har na kusa ya kasa numfashi. Ki zaɓi mutum ɗaya da ba zai ji nauyinki ba, kuma ba zai kai ki gaba ba, ki ce masa ya riƙa gaya miki gaskiya. Wanka da wanki da asuwaki ki ci gaba yadda kika saba, sun isa. Turare ki tsaya a gwargwadon da. Na wuta kuwa ki rage, don ke ba za ki san ɗaki ya cika ba sai yara sun fara tari.

Bari in ɗan kai ki garke, ki ga girman abin da kike cewa ba komai ba ne. Tunkiya in ta haihu, a cikin 'yan sa'o'in farko tana lasar ɗanta tana sansanarsa, a nan take haddace warinsa. Daga ranar, ko 'ya'ya hamsin ne a garken, wanda ba nata ba in ya nufo hantsarta sai ta tunkuɗe shi. Masu bincike sun gwada kashe wa tumaki jin wari kafin su haihu, sai ga su suna shayar da duk ɗan da ya zo, ba sa rarrabewa. Makiyaya ba su jira masu bincike ba. Tun zamanin kakanni, in ɗan wata tunkiya ya mutu ga kuma maraya a gefe, sai a feɗe mataccen a lulluɓa wa marayan fatar, uwar ta sansana ta karɓe shi. Haka ake yi wa saniyar da maraƙinta ya mutu ta riƙe nono: a cusa ciyawa a fatarsa a ajiye mata, ta lasa, nono ya sauko. Kin sha ganin bunsuru ya sansani fitsarin akuya ya ɗaga kai ya wage leɓe, yara suna cewa dariya yake. Ba dariya ba ce, tura warin yake zuwa wata gaɓa ta musamman a saman bakinsa, da ita yake gane ko akuyar ta kai lokacin barbara. Warin nan nasa da muke toshe wa hanci, shi ke tayar wa awaki da lokacinsu in aka shigo da shi garke bayan an raba su.

Kare kowa ya san shi, har ana ganin shi ne sarki a jin wari. Amma da masu bincike a Japan suka ƙirga a 2014, giwar Afirka ce ta zo da irin na'urorin nan wajen 2,000, fiye da ninki biyu na kare, ninki biyar na mutum. Wadda ta fi ba ni mamaki kuwa ita ce gafiya, wannan dai da yara ke haƙa a bayan gari, wadda muka sani da satar gyaɗa. A garin Morogoro na Tanzaniya akwai wata ƙungiya mai suna APOPO da ke horar da gafiyoyi su sansano nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi. Ba su da nauyin da zai tayar da nakiya, kuma warin sinadarin suke bi, ba ƙarfe ba, don haka tsohon gwangwani ba ya ɓata musu lokaci. Sun yi aiki a Mozambik, ƙasar da aka ayyana ta rabu da nakiyoyin da aka sani a 2015. Wani namijinsu mai suna Magawa ya gano nakiyoyi da bama-bamai sama da 100 a Kambodiya, an kuma rataya masa lambar zinariya a 2020. Wasunsu kuma majinar masu tari ake jera musu, su nuna wadda ke ɗauke da tarin fuka. Tun da na ji wannan na rage zagin gafiya. Ungulu kuwa, da ake cewa warin mushe ke kiranta, tamu ta nan da ido take farauta, 'yar'uwarta ta Amurka ce mai bin wari. Sauro shi ma da numfashinmu da warin ƙafafunmu yake gano mu cikin duhu.

Kada ki ce to ai wannan dabbobi ne, mutum hancinsa ado ne. An daɗe ana faɗin haka, kuma ba gaskiya ba ne. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley an taɓa rufe wa ɗalibai ido da kunne, aka sa su rarrafe a kan ciyawa suna bin sawun ƙamshin cakulan, kuma yawancinsu suka bi shi. Ƙamshin nan na ruwan farko da ke sa manomi ya ɗaga kai, wasu ƙananan halittu ne a cikin ƙasa ke samar da shi, kuma hancin mutum yana kama shi ko ya yi ƙanƙantar da ba ta misaltuwa. Jariri ɗan kwana shida yana juya kai wajen ƙamshin nonon uwarsa ya bar na wata. Saƙon hanci kuma gajeriyar hanya yake bi zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe tunani da motsin zuciya, shi ya sa ƙamshin wani turare kan dawo wa mutum da ɗakin kakarsa gaba ɗaya. To in kin ji zuciyarki ta yi nauyi kwanakin nan, kin rungumi autanki kin ji kamar akwai labule a tsakaninku, ba rashin godiya ba ne, ba kuma raki ba ne. Likitoci sun san ciwon damuwa yana yawan biyo bayan wannan larura. Abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi. Ki faɗa wa maigidanki da bakinki, a zaune, ba a tsaye ba. Mutum ba ya tausaya wa abin da bai sani ba, kuma wannan ciwo ne da ba ya nuna kansa a fuska. In kika yi shiru, shi dai abin da zai gani shi ne miya ta canza, matarsa kuma ta rage walwala, sai ya fassara da abin da ba shi ba.

Sai maganar magani. Abin da ya fi samun shaidar likitoci shi ne horar da hancin, kuma ba ya cin kuɗi. Wani likita a birnin Dresden na Jamus, Thomas Hummel, ya wallafa gwajinsa a 2009: ya sa marasa lafiya su riƙa sansanar ƙamshi huɗu safe da yamma har mako 12, wato wardi, lemun tsami, kanumfari, da man ganyen bishiyar turare. Ba duka suka warke ba, amma waɗanda suka yi sun fi waɗanda ba su yi ba samun sauƙi, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna in an daɗe ana yi, ana kuma sauya ƙamshin bayan 'yan watanni, ya fi amfani. Dubi ikon Allah, kusan duka suna cikin kicin ɗinki ko bakin titinku. Ki sami 'yan kwalabe huɗu masu murfi. Ki daka kanumfari ki zuba a ɗaya, ɓawon lemun tsami a ɗaya, ki murje ganyen turare a ɗaya, ta huɗun ki ɗiga turaren da kika fi sabawa da shi a auduga. Bayan sallar Asuba da bayan Isha'i, ki buɗe kowace ki sansana a hankali kamar daƙiƙa 20, kina kawo ƙamshin a ranki yadda kika san shi. Ba zuƙa da ƙarfi ba. Ki riƙa sabunta abin da ke ciki in ya kwana biyu. Makonnin farko za ki ji kamar wasan yara kike, kwalba ce kawai da iska. Ki ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ina so in riga gaya miki wani abu don kada ya firgita ki in ya zo. Da yawa in hancin ya fara farfaɗowa, ba daidai yake dawowa ba. Albasa a mai sai ta yi warin kwata, soyayyen nama ya yi ɗoyin mushe, ƙwai da tafarnuwa da man goge baki su gagari kusanta. Wani ma sai ya riƙa jin ƙaurin hayaƙi ba wuta a ko'ina. Sababbin jijiyoyin ne ba su gama gane mazauninsu ba, kamar mai gyaran lantarki ya haɗa waya a karkace, ka danna makunnin ɗaki fanka ta tashi a zaure. Sau da yawa alamar farfaɗowa ce, kuma yana daidaita a hankali, ko da ya ɗauki watanni. In ya zo, ki koma wa dafaffen abinci marar suya, ki bar shi ya huce kafin ki ci, don mai sanyi bai cika tashin wari ba. Za a sami masu ce miki jifa ne ko shafar iska. Ki yi addu'arki, ki yi azkar ɗinki, wannan ba mai hana ki, amma kada ki bari a ɗura miki komai a hanci. Ban da ruwan tafarnuwa, ban da garin taba, ban da man zafi, ban da turaren da ake cewa a shaƙa har a yi atishawa. Filin nan da nake gaya miki laushi gare shi. Ko a Amurka, a 2009 hukumar magunguna ta gargaɗi jama'a a kan wani maganin mura mai sinadarin zinki da ake shafawa cikin hanci, bayan mutane da dama sun rasa jin wari ta dalilinsa. Maganin ɗigawa na buɗe hanci da ake saya a kemis ma, in ya wuce 'yan kwanaki ana sa shi, shi da kansa yake komawa ya toshe hancin. Abin da ba ya cutarwa shi ne wanke hanci da ruwan gishiri kaɗan, wanda aka tafasa ya huce, musamman lokacin ƙura.

Duk da haka ki je ki ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, don ba kowane rashin jin wari ba ne na mura. Wani tsiron nama ne a cikin hanci, wani kumburin kogunan fuska ne da ya daɗe, kuma waɗannan suna da magani, wani lokaci har da 'yar tiyata. Akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. In kin ga toshewar gefe ɗaya ce, ko haɓo yana yawan zuwa, ko ciwon kai mai tsanani, ko ganinki ya canza, to wannan ba na jira ba ne. Ki gaya wa likitan duk magungunan da kike sha, ki gaya masa kuma in kin taɓa buguwa a kai, don faɗuwa a kan babur kan tsinke jijiyoyin a daidai ƙashin nan mai huji. Wannan kuma ki isar wa ƙannenki masu yawo ba hular kwano.

Mu tsofaffi namu daban ne, a hankali yake zarewa ba sallama, har fiye da rabin waɗanda suka haura 80 hancinsu ya raunana, da yawansu ba su ma sani ba. A wajen wasu kuma yakan riga ciwon karkarwa, wanda likitoci ke kira Parkinson, zuwa da shekaru. Ban faɗa don ki tsorata ba, naki ya zo ne dare ɗaya a bayan mura, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Na faɗa ne don ki riƙa lura da innarki: in kin ga tana cika gishiri, ko tana cin abin da ya kwana ba ta damu ba, a duba ta, kuma a duba mata murhunta.

Gwaggonki za ta shigo ranar Asabar da kanumfari da kwalaben, na ce ta tsaya sai kin yi na farko a gabanta. Ki gaishe mini da maigidan, ki ce ina son ya kira ni a kan maganar tukunyar gas ɗin nan kafin Juma'a.